Hanyar nesa da hanyar kusa: fitar ɗaliban Nijar zuwa jami'o'in waje da rabon harshen Hausa a cikinta

Gabatarwa

Masu tsara aikin ilmi da na yaƙi da jahilci sun saba lissafin kuɗin da aka kashe wajen aika ɗalibi ƙasar waje, da irin takardar shaidar da ya komo da ita. Abin da ba a cika sa shi cikin lissafi ba shi ne yadda zaman baƙunci yake sauya wa mutum ido, har ya komo yana duban harshen da ya sha a nono, da mutanen da ya taso a cikinsu, ta wata fuska dabam. Wannan maƙala tana bin tarihin wannan fita ne, tana tambayar inda ɗaliban Nijar suka nufa, da abin da kowace hanya ta koya masu game da Hausa, da kuma abin da ta ɓoye masu.

An tsaya a Dakoro ne don a yi wannan dubi, kuma da dalili. Garin ba tsoho ba ne, a 1947 Faransawa suka kafa bariki a wurin. Yana arewa da Maraɗi da wajen kilomita 120, a daidai inda gona take ƙarewa makiyaya ta fara, har ma iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta ja ta ratsa ƙasar ta wajen kwarin Tarka. Ran kasuwa ana haɗuwa da Gobirawa da Adarawa da Katsinawa da mutanen Kornaka da na Birnin Lalle, ga Fulani da Abzinawa da dabbobinsu, kuma da Hausa ake cinikin. Babu jami'a a Dakoro, ba a kuwa taɓa yin ta ba, saboda haka duk ɗan ƙasar da ya yi karatu mai zurfi fita ya yi. Sai dai akwai abu guda da taswira take nunawa wanda ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, watau Kano ta fi Yamai kusa da Dakoro nesa ba kusa ba, balle a yi zancen Dakar ko Paris.

Tafiya kafin zuwan jami'a

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri ya kan ɗauki allonsa da buzunsa ya yi gabas, ya shekara goma bai ga gida ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Kafin shi, Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, ya bar Katsina ya yi hajji ya zauna Alƙahira yana koyarwa, can ya rasu a 1741. Irin wannan tafiya tana da hali guda da ya bambanta ta da wadda za ta biyo baya. Matafiyin da mai masaukinsa littafi ɗaya suke karantawa, alƙibla ɗaya suke duba, kuma in ya komo, da Hausa ko Fillanci zai fassara wa jama'a abin da ya samo. Ilminsa yana sa a girmama shi, ba ya sa a kasa gane maganarsa.

Wanda ya fara bai wa Hausawa labarin Turai da harshensu shi ne Dorugu, yaron da aka haifa a wajen Kance cikin ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan ya isa Landan tare da shi a 1855. A Ingila ya zauna wurin J. F. Schön, yana faɗa masa labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da abin da ya gani na cin abincin Turawa da suturarsu, shi kuwa yana rubutawa. Bisa wannan magana ta Dorugu aka gina rabo mai yawa na nahawun 1862 da ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Jami'ar Oxford ta girmama Schön da digiri a 1884. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare kwanakinsa a Nasarawa ta Kano a 1912. Ba ɗalibin jami'a ba ne, amma labarinsa ya riga ya nuna yadda za a daɗe ana raba aikin: mai harshe ya ba da magana, baƙo ya tsara ta ya sa sunansa.

Hanyar Dakar da Paris

Ga yaron Dakoro na zamanin mulkin mallaka, ƙasar waje tana farawa ne daga ƙofar lakwal. A ciki babu Hausa, babu Fillanci, babu Tamashek, wanda kuwa bakinsa ya suɓuce ya yi maganar gida sai a rataya masa alamar kunya da ake kira sambol, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa. Waɗanda suka tsallake wannan mataki kaɗan ne ƙwarai, domin a 1960, shekarar samun mulkin kai, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Daga cikin wannan ƴan kaɗan ake tace wasu su tafi Yamai, daga cikinsu kuma a sake tace ɗaiɗaiku su tafi makarantar William Ponty a Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mai da ta Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk ta nan suka bi.

A Ponty ne wani abu ya faru wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Malaman makarantar sun ɗora wa ɗalibai aikin hutu, kowa in ya je gida ya binciko wani fanni na zaman mutanensa, ko aure, ko abinci, ko magani, ko wasannin yara, ya rubuto shi cikin kaye. Ɗaruruwan waɗannan kaye suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, a 2015 kuma UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tarihi na duniya. To, a nan ne karo na farko da aka ce wa ɗan lakwal abin da kakarsa ta sani ilmi ne da ya isa a rubuta. Amma da Faransanci zai rubuta shi, don idon malamin da zai ba shi maki, kuma sau da yawa da ma'aunin malamin zai auna mutanensa. Ɗalibin ya koyi tsayawa gefe ya dubi gidansu, wanda shi ne farkon kowane bincike. Ya kuma koyi yin bayanin gidan ga baƙo maimakon ga masu gidan, kuma wannan ɗabi'a ta biyu ta fi ta farko wuyar kankarewa. Ko Diori da ya je Paris a 1938, aikin da ya kai shi shi ne taimakawa wajen koyar da Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke horar da kumandojin da za a turo su yi mulki.

Akwai kuma abin da zaman makarantar kwana ya koyar wanda ba ya cikin manhaja. Bahaushen da bai taɓa wuce Maraɗi ba ya kwana ɗaki ɗaya da Bawolofe da Babambare da ɗan Dahome, ya ci abincin da bai saba ba, ya ga teku, ya ji ana yi masa ba'a da sunan ɗan daji domin Nijar ce ƙurya cikin ƙasashen Faransa na yammacin Afirka. A can ne Bahaushe da Bazabarme da Babarbare suka fara kiran kansu da suna ɗaya, tun da ga sauran ɗalibai dukansu ƴan Nijar ne kawai.

Mutumin da rayuwarsa ta fi nuna iyakar abin da wannan hanya za ta iya yi shi ne Abdou Moumouni. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya shiga Ponty a 1944, ya wuce Dakar, ya isa Paris a 1949. Yana cikin ɗaliban da suka tsaya wa ƙungiyar FEANF ta ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa, wadda aka kafa a 1950, a 1956 kuma ya ci jarrabawar agregasiyo ta ilmin fizik, wadda ko ƴaƴan Faransawa ƙalilan ne ke ƙetare ta. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyat ya ƙaro sani kan ƙarfin rana, inda ya tarar da ƙasa mai harsuna da yawa, wadda aka yi wa harsuna masu yawa cikinsu haruffa da littattafan makaranta cikin ƴan shekaru. A 1964 ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, a ciki ya kafa hujja cewa ba za a kawar da jahilci ba, ba kuwa za a gyara makaranta ba, muddin ana koyar da yaro da babba cikin harshen da ba su ji. Abin lura a nan shi ne, wanda ya faɗi haka ba wanda Faransanci ya gagara ba ne. Sai da ya kai ƙarshen hanyar, ya ga Paris ya ga Mosko ya gwada su, kana ya iya ganin cewa tsarin da aka rene shi a ciki zaɓi ne da wasu suka yi, ana kuma iya yin wani. Duk da haka littafin da Faransanci ya fito, a Paris aka buga shi, kuma manomin Kornaka da ake maganar dominsa ba shi da hanyar karanta shi. Moumouni ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Dan Dicko Dankoulodo na Maraɗi, masanin kimiyyar sinadarai, ya bi irin wannan hanya ta Mompeliye da Abijan, ya riƙe ma'aikatar ilmi a farkon shekarun 1970, daga 1974 kuma ya shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1970. Masana tarihi irin su André Salifou da Djibo Hamani sun ɗauko labarun Damagaram da na Adar daga bakin dattawa da maroƙan fada, suka kai su jami'o'in Faransa suka kare digiri a kansu. Aikinsu ya tsirar da abubuwa da yawa da da sun bi masu su kabari.

Ba a son rai kaɗai aka daina dogara ga Dakar ba. A watan Mayu na 1968 ɗalibai suka yi bore a jami'ar, gwamnatin Senegal ta rufe ta, ta kwashe baƙin ɗalibai ta mai da kowa ƙasarsa. Ƙasashen da ba su da jami'a suka ga hatsarin ajiye ƴaƴansu duka a gidan wani. Nijar ta buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, a shekarar kuma aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1974 aka kafa INDRAP don shirya littattafai da horar da malamai.

Hanyar Kano

A duk tsawon wannan lokaci akwai wata hanya da fatake da almajirai da masu cin rani suke bi kullum, ɗan lakwal kaɗai ne bai bi ta ba. A kudancin iyaka Ingilishi sun ɗauki wata dabara dabam, sun bar Hausa ta shiga makarantar elementare da ofis da kotu. Ƙamus na Bargery ya fito a 1934, Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta daidaita rubutun boko ta shigo da haruffa masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, da Hausa ya rubuta labarin tafiyarsa, Tafiya Mabuɗin Ilmi, don Hausawa su karanta. Ba don ya fi ɗan Ponty kishin harshe ba ne, sai don ya tarar da maɗaba'a da masu karatu suna jiransa a gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Aminu Kano ya bi baya a 1946, kuma dukansu biyu marubuta Hausa ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, a 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, a shekarar kuma M. K. M. Galadanci ya gama digirinsa na dakta a Landan kan nahawun Hausa.

Watau a daidai lokacin da ɗalibin Nijar yake zaune a Paris yana sauraron darasin Hausa na Claude Gouffé cikin Faransanci, ana nazarin Hausa a jami'a, har ana ƙirƙiro mata kalmomin nahawu da na adabi, a garin da motar kasuwa take zuwa daga Maraɗi cikin yini guda. Dalilan da suka toshe wannan hanya ba ɓoyayyu ba ne. Guzurin karatu daga Faransa da abokanta yake fitowa, can kuma yake kai mutum. Bakaloreya ba ta buɗe ƙofar jami'ar Nijeriya kai tsaye, digirin Nijeriya kuma sai an yi ta faman neman a daidaita shi kafin a ɗauki mai shi aikin gwamnati a Yamai. Ga Ingilishi da ake bukata ko a sashen Hausa don karanta littattafan ilmin harshe. Akwai kuma dalili na zuci wanda ba a rubuta shi a takarda: a idon wanda aka horar a lakwal, Kano kasuwa ce da garin malaman allo, ilmi kuwa yana hayin teku. Wanda ya ce zai je Kano karatu, sai a ga kamar bai je ko'ina ba.

Farashin wannan rabuwa ya fito fili a wajen rubutu, kuma masu yaƙi da jahilci ne suka biya shi. A taron da UNESCO ta kira a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966 an tsara haruffa don manyan harsunan yankin, har da Hausa. Nijar, wadda ba ta daɗe da kafa ma'aikatar koyar da manya ba, ta ɗauki tsarin da ke ninka wasali mai tsawo, kamar yadda sunan ƴar jaridar nan ta karkara, Saabon Ra'ayii, yake nunawa. Ta fuskar ilmin harshe tsarin yana da hujja mai ƙarfi, gama tsawon wasali yana raba ma'ana a Hausa, kamar tsakanin gari na mutane da gari na tuwo, kuma waɗanda suka kare shi sun koyi aikinsu da kyau. Nijeriya kuwa ta zauna kan rubutunta, domin tana da littattafai da jarida da dubban masu karatu da ba za ta sake wa hannu ba. Sakamakon haka, dattijon da ya sha wahalar darasin dare a wani ƙauyen Dakoro, in ya sayo littafin Zariya a kasuwar Maraɗi, sai ya tarar da harshensa cikin wata riga da ba a nuna masa ba. Abin karantawa na gida kuwa bai taka kara ya karya ba, wanda kuma ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, mantuwa ce makomarsa. Sai a Janairun 1980, a taron da aka yi a Yamai a cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, masanan ƙasashen biyu suka zauna suka kusanto da rubutun, Nijar ta bar ninka wasali. Shekara 14 ke nan. Ƙa'idar da aka tabbatar a 1999 ta bar ɗan bambanci, wanda ya fi fitowa shi ne harafin ƴ a inda Nijeriya take sa 'y.

Kada a ɗauka cewa bin hanyar Kano ba shi da nasa tarko. Daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano aka gina ta. A kasuwar Dakoro kuwa abin da kunne zai ji shi ne sunka tahi a inda littafi ya ce suka tafi, da hura a maimakon fura, da ɗiya a maimakon ƴaƴa, da na da ta a inda Bakano zai ce ne da ce. Ga kuma kalmomin aro da suka biyo ta Faransanci, irin su lakwal da mushe da kaye da kamyo da lanho, waɗanda ba a san su a Zariya ba. Ɗalibin da ya je Kano ko Zariya ya kan ji an yi dariyar bakinsa a makon farko, kuma ɗayan biyu ne ke faruwa. Wani ya komo yana gyara wa uwarsa magana, ya zama ya sauya sambol na Faransanci da na Kananci. Wani kuwa dariyar ce take sa ya fara tambayar me ya sa ake cewa sunka a yamma, ya gano cewa a wurare da dama karin yamma ne ya riƙe tsohuwar siffar da Kano ta sauƙaƙe, daga nan ya zama mai nazarin kare-karen harshe. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 a tsakiyar masu cewa sunka, ta rage wa mutumin Gobir da na Adar wannan kaɗaici. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar ya nuna yawan abin da ke nan ba a rubuta ba.

Baƙin da suka zo

Musaya tana da fuska biyu, kuma ta biyun ta taɓa Dakoro kai tsaye. Russell Schuh ya zo Nijar daga Amurka cikin ƴan sa kai na Peace Corps daga 1965 zuwa 1967, ya yi aikin koyar da manya da Hausa da Tamashek, daga nan ya koma ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan harsunan Cadi a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, inda Hausawa irin su Dauda Bagari suka yi digirin dakta. Clare Oxby, ɗaliba daga Jami'ar Landan, ta zauna cikin Abzinawan Kel Ferwan a ƙasar Dakoro a 1973 da 1974, ana tsakiyar babban fari, ta rubuta digirinta na 1978 kan zaman mata da maza da na bayi da iyayengiji a cikinsu, ta kuma sake komowa bayan shekaru da yawa ta yi rubutu kan yadda gonaki da masu kuɗi suke cin makiyaya. Jami'ar Boston ta riƙa turo ɗalibanta Yamai tun ƙarshen shekarun 1980, suna koyon Hausa da Zabarmanci, suna zama da iyalai, suna koyon sana'a wurin maƙera da masaƙa, har zuwa Janairun 2011, lokacin da sace wasu Faransawa biyu a Yamai ya sa aka dakatar da shirin, Peace Corps ma ta kwashe mutanenta.

Babu shakka waɗannan baƙi sun ƙaru, da yawansu kuma sun riƙe amana. Sun koyi gaisuwa mai tsawo, sun koyi cewa ba a tambayar mutum yawan dabbobinsa ko yawan ƴaƴansa gatsau, sun koyi zama a ƙasa a ci da hannu cikin ƙwarya ɗaya. Amma ma'aunin bai daidaita ba. Baƙon da ya zo ya koyi harshe don ya fahimci mutane, in ya yi kuskure a yi murmushi a yaba masa ƙoƙari, bayan wata shida ko shekara biyu ya koma gida da abin rubutawa. Ɗan ƙasa da ya je can ya koyi harshe don a yarda shi mutum ne mai hankali, kuskurensa kuwa faɗuwa jarrabawa ne. Abin da aka rubuta kan Dakoro kuma yana ajiye cikin Ingilishi da Faransanci a ɗakunan karatu na Landan da Paris. Jikokin waɗanda suka shimfiɗa wa mai bincike tabarma suka ba shi nono ba su san abin da aka ce game da kakanninsu ba.

Daga shekarun 1980 aka fara samun masana harshe ƴan Nijar da suka haɗa hanyoyin biyu, suka yi tushe da Faransanci a Yamai suka ƙarasa da Ingilishi. Mahamane Laoualy Abdoulaye ya gama digirin dakta a Buffalo ta Amurka a 1992 kan ginin jimlar Hausa, ya komo koyarwa a Yamai. Tagwayen nan Hassana da Ousseina Alidou sun gama nasu a 1997, ɗaya a Ilinoi ɗaya a Indiyana, Hassana ta ba da ƙarfinta ga koyarwa da harsuna biyu a makarantun Afirka, Ousseina kuma ta yi rubutu kan ilmin mata Musulmi a Nijar, da boko da ajami. Wani abin mamaki a nan shi ne, sau da yawa a Amurka ko a Jamus ne masanin Yamai ya fara zama aji ɗaya ko taro ɗaya da takwaransa na Kano. Sai da kowannensu ya ƙetare teku kana suka gaisa da Hausa.

Bayan 2010

An buɗe jami'a a Maraɗi a 2010, daga baya aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, saboda haka ɗan Dakoro da ya ci bakaloreya yana iya yin karatu mai zurfi a tafiyar ƴan sa'o'i daga gida. Hanyoyin waje kuwa sun nuna ba su da tabbas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Nijeriya wata da watanni, a Satumban shekarar kuma Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza. Hanyar nesa da ta kusa suka toshe a lokaci guda. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a watan kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Wannan mataki ya ɗora wa masu bincike da masu tsara karatun manya kaya mai nauyi, kuma tarihin da aka bi a sama yana nuna inda ƙarancin yake. Kalmomin kimiyya da na shari'a da na nahawu da aka shekara 50 ana ƙirƙira a Kano da Zariya da Sakkwato suna nan a rubuce, an gwada wasu sun zauna, wasu sun mutu, kuma zai zama asarar lokaci a sake ƙirƙiro su daga Faransanci a wani ofis a Yamai ba tare da an duba ba, kamar yadda zai zama kuskure a kwaso su duka a zuba wa mutumin da ke cewa lakwal. Wanda zai iya wannan tacewa shi ne wanda ya zauna a jami'o'in ɓangarorin biyu ya san bakin kowanne, irinsu kuwa ba su da yawa, domin tun 1960 ba a taɓa ba wannan musaya rabin muhimmancin da aka ba ta Turai ba.

A Dakoro tambayar ta fi haka tsanani. Bafillatanin Bermo da Ba'abzinen Tarka suna jin Hausa don kasuwa, amma ba ita suke yi wa ƴaƴansu a gida ba, dokar 2001 kuwa ta lissafa Fillanci da Tamashek cikin harsunan ƙasa guda 10, kuma akwai littattafan koyon karatu da aka riga aka shirya cikinsu. Malamin da za a tura wani ajin manya a arewacin Dakoro, in Bahaushe ne da bai taɓa zama inda harshensa ba shi ne na masu gari ba, zai iya tsayawa gaban makiyaya ya yi masu abin da mushe ya yi wa kakansa a 1950, yana ganin alheri yake yi. Tsarin horar da malamai bai tanadi cewa ɗalibin sashen harsuna ya yi ko da damina ɗaya a rugar Fulani ko a zangon Abzinawa yana koyon gaisuwarsu ba, alhali kuwa tsakanin Dakoro da Gadabeji babu biza, babu kuɗin jirgi.